Yadda Ƙasa da Tsirrai Ke Kafuwa a Filin da Ƙanƙara Ta Janye Ta Bari

A kan manyan tsaunuka da kuma yankunan da ke can ƙuryar arewaci da kudancin duniya, akwai wuraren da dusar ƙanƙarar da ke zuba a lokacin sanyi ba ta narkewa duka idan zafi ya shigo. Ta bana tana sauka a kan ta bara, ta sama tana danne ta ƙasa, har ta dunƙule ta zama ƙanƙara mai kaurin da kan kai ɗaruruwan mita, wadda nauyinta ke sa ta gangara cikin kwari sannu a hankali. Wannan shi ne kogin ƙanƙara. Tun wajajen shekarar 1850, lokacin da wani zamanin sanyi na 'yan ƙarnoni ya zo ƙarshe, yawancin waɗannan koguna suke ja da baya, kuma ɗumamar yanayi ta ƙara wa janyewar sauri ƙwarai. Tsakanin 2000 da 2019 kaɗai, an kiyasta cewa suna asarar kimanin tan biliyan 267 na ƙanƙara a kowace shekara. Hankalin jama'a ya fi karkata ga ruwan da ke kwarara zuwa teku, kuma suna da gaskiya, amma filin da ƙanƙarar ke tashi ta bari shi ma ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin a nan ne ake ganin yadda ƙasa mai rai ke samuwa tun daga tushenta.

Abin da ƙanƙara ke bari ba ƙasar da shuka za ta so ba ce. Tarin duwatsu ne da tsakuwa da yashi, gauraye da wani lallausan garin dutse da ƙanƙarar ta niƙa yayin da take jan jiki a kan falalen da ke ƙarƙashinta. Kusan babu ruɓaɓɓen ganye ko saiwa a cikinsa, wato abin da ke riƙe danshi da abincin shuka a ƙasar da ta manyanta. Sinadarin naitirojin, wanda babu tsiron da ke girma ba tare da shi ba, ɗan kaɗan ne ainun, saboda yawancin duwatsu ba su ɗauke da shi da yawa. Sinadarin fosfaras kuwa akwai shi, sai dai yana kulle cikin ƙwayoyin dutsen, kuma saiwa ba ta iya shan sa sai ruwa da tsami sun narkar da shi. Ban da yunwa, akwai rashin zama lafiya. Sau da yawa akan sami guntayen ƙanƙara binne a ƙarƙashin tsakuwar, waɗanda ke narkewa a hankali su sa wurin ya rufta bayan shekaru. Rafukan ruwan ƙanƙara suna sauya hanya daga wannan shekara zuwa waccan, suna kwashe abin da ya fara tsira. Da dare danshin da ke cikin yashi yana daskarewa ya kumbura, ya tumɓuke ƙananan tsirrai da saiwarsu, ga kuma iska mai sanyi da ke gangarowa daga kan ƙanƙarar tana busar da komai.

Duk da wannan ƙunci, masana suna daraja irin waɗannan filaye saboda dalili guda, shi ne cewa an san shekarun kowane sashe nasu. Taswirori da tsofaffin hotuna da tulin duwatsun da ƙanƙara ta tara a inda ta taɓa tsayawa suna nuna shekarar da kowane wuri ya fito fili. A kwarin Morteratsch na ƙasar Suwizalan har alluna aka kakkafa a gefen hanya da ke nuna inda bakin ƙanƙarar yake a shekaru daban-daban, ta yadda mai tafiya zai tashi daga cikin itatuwa, ya ratsa ta ƙananan ciyayi, ya ƙare a kan tsakuwa tsirara. Masanin ƙasa Hans Jenny ya bayyana a 1941 cewa abubuwa biyar ne ke haifar da kowace irin ƙasa: yanayi, da halittu, da fasalin wuri, da dutsen asali, da kuma tsawon lokaci. A gaban kogin ƙanƙara ana zaton huɗun farko kusan ɗaya suke daga wannan sashe zuwa wancan, lokaci ne kawai ya bambanta, don haka ake ɗaukar filin a matsayin ma'aunin aikin lokaci. Wannan zato yana da amfani, amma kamar yadda za a gani, yana da rauni babba.

Waɗanda ke fara isa wurin ido ba ya ganin su. Ƙwayoyin bakteriya da naman gwari suna zuwa cikin ƙurar da iska ta ɗauko, wasu kuma dama suna rayuwa a kan ƙanƙarar ko a ƙarƙashinta, ruwa ne kawai ya sauke su. A gaban kogin ƙanƙara na Ödenwinkelkees da ke Ostiriya, wani bincike da aka wallafa a 2007 ya gano cewa ƙwayoyin halittar da ke sabuwar tsakuwa suna cin tsohon kabon ne wanda ya haura shekara 7,000, wato ragowar abin da ya rayu tun kafin ƙanƙara ta rufe wurin. Ma'ana, rayuwa tana farawa da cin abin da aka tarar, tun kafin a sami mai samar da sabon abinci. Daga nan sai bakteriya masu launin shuɗi da kore, waɗanda ke haɗa abincinsu daga hasken rana, kuma wasunsu ke kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abin da shuka za ta iya sha. A tsaunukan Andis na ƙasar Peru, a gaban kogin ƙanƙara na Puca mai tsayin kimanin mita 5,000 daga teku, an tarar da su sun kafu cikin shekara huɗu zuwa biyar da janyewar ƙanƙara, alhali babu ko ɗan tsiro ɗaya a wurin. Zaruruwansu da yauƙin da suke fitarwa suna ɗaure ƙwayoyin yashi, su samar da wani baƙin ɓawo siriri a fuskar ƙasa, wanda ke hana iska kwashe ta, yana riƙe danshi, kuma duhunsa na jawo ɗumin rana.

Wani abin da ya saɓa wa tunanin yau da kullum shi ne cewa ƙwari masu farauta kan riga masu cin ganye zuwa. A kwarin Rotmoos na Ostiriya da kuma tsibiran Svalbard da ke arewacin Nowe, an ga gizo-gizo da wasu ƙwari mafarauta suna zaune a kan tsakuwar da ba ta da ciyawa, suna rayuwa da ƙananan ƙudaje da sauran halittun da iska ke jefowa ko waɗanda ke fitowa daga kududdufai. Kashinsu da gawarwakinsu suna daga cikin takin farko da wurin ke samu. Haka ma tsuntsaye: duk dutsen da suka saba sauka a kai, za a ga kewayensa ya riga sauran filin yin kore.

Tsiron farko ba a ko'ina yake fitowa ba. Iri mai gashi ko mai fuka-fuki da iska ta ɗauko yakan maƙale ne a gindin wani dutse, ko cikin ɗan rami, ko tsakanin manyan tsakuwa, inda akwai kariya daga iska da ɗan danshi. Dubbai suna faɗuwa a fili su mutu, kaɗan ne ke dacewa da irin wannan maɓoya. Gansakuka tana shimfiɗuwa a inda ruwa ke tsatsafowa, yayin da laikin, wato halittar da ta samu daga zaman tare tsakanin naman gwari da wata ƙwayar halitta mai sarrafa hasken rana, ke manne wa duwatsun da suka daina motsi. An daɗe ana koyar da cewa dole sai laikin da gansakuka sun share hanya kafin tsirrai masu fure su zo, amma a filaye da yawa ana ganin tsirrai masu fure sun tsiro a kan tsakuwa cikin 'yan shekaru, tun laikin bai kai girman da ido zai gan shi ba.

Babu wurin da aka yi nazarin wannan al'amari kamar mashigin teku na Glacier Bay da ke jihar Alaska ta Amurka. Mutanen Huna Tilingit sun zauna a wannan kwari kafin ƙanƙara ta taso ta kore su daga gidajensu 'yan ƙarnoni da suka wuce. Lokacin da jiragen George Vancouver, kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, suka ratsa ta wurin a 1794, kusan duk mashigin ƙanƙara ce. Da John Muir, mai nazarin halittu da tsaunuka, ya isa a 1879, ta ja baya da fiye da kilomita 48, kuma zuwa 1916 janyewar ta kai kimanin kilomita 100. A wannan shekara ta 1916 ne William Cooper, masanin tsirrai daga Jami'ar Minnesota, ya shata ƙananan filaye tara, kowanne murabba'in mita ɗaya, domin a riƙa komawa ana rubuta abin da ya tsiro a cikinsu. Shi ne kuma ya jagoranci fafutukar da ta sa gwamnatin Amurka ta keɓe yankin a 1925.

Labarin da aka samo daga Glacier Bay, wanda ya shiga littattafan makaranta a duniya, yana tafiya ne daki-daki. Bayan baƙin ɓawo da gansakuka da ɗaiɗaikun tsirrai, sai wani ɗan tsiro mai rarrafe da ake kira dirayas ya shimfiɗu ya rufe ƙasa. A saiwarsa akwai wasu ƙulle-ƙulle da bakteriyar Frankia ke zaune ciki, tana kamo naitirojin daga iska tana ba shi, shi kuma yana ciyar da ita da sukarin da ganyensa ke haɗawa. Bayan 'yan shekaru goma-goma sai itacen alda, wanda shi ma ke da irin wannan abokiyar zama a saiwarsa, ya taso ya yi kurmi mai duhu, inuwarsa ta kashe dirayas ɗin. Ganyen alda da ke zuba kowace shekara yana da naitirojin sosai, kuma ruɓewarsa ce ke sauya tsakuwar daga tushe. Binciken da Crocker da Major suka wallafa a 1955 ya nuna cewa a ma'aunin tsamin ƙasa, inda raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, sabuwar tsakuwa tana kaiwa 8 ko sama da haka, amma a ƙarƙashin alda takan sauko zuwa wajen 5 cikin shekara 30 zuwa 50. Tsamin yana narkar da sinadarin alli ruwan sama ya wanke shi, yana kuma cin ƙwayoyin dutse su saki abin da ke cikinsu. A saman tsakuwar sai a sami wani baƙin shimfiɗi mai laushi da ke ƙara kauri, ƙasar ta rage tauri, ta fara riƙe ruwa. Daga nan itacen sifurus ya ratsa kurmin ya yi masa rumfa, bayansa kuma itacen hemlok mai jure inuwa. A wuraren da ruwa ba ya tsiyayewa, bayan dogon zamani, wata gansakuka mai shan ruwa takan mamaye gindin itatuwan, dajin ya koma fadama mai tsami.

Abin da ke gaskiya a wannan labari, kuma shi ne mafi muhimmanci a dukan batun, shi ne cewa halittu ne ke gina ƙasar da suke tsaye a kai. Lokaci shi kaɗai ba ya mayar da tsakuwa ƙasa. Amma tsarin nan na cewa kowane rukuni yana share wa na bayansa fage, a jere kuma a kan lokaci, bai tsira daga bincike ba. A 1995 Christopher Fastie ya ƙirga zoben shekaru a jikin itatuwan Glacier Bay domin ya gano tarihin kowane wuri da kansa, sai ya tarar cewa tsofaffin dazuzzukan da ke bakin mashigin ba su bi hanyar da ƙananan wurare na ciki ke bi yanzu ba. Na bakin mashigin suna kusa da tsohon dajin da ƙanƙara ba ta taɓa ba, don haka irin sifurus ya iso musu da wuri kuma da yawa. Na ciki sun yi nisa da inda iri ke fitowa, sai kurmin alda ya daɗe yana riƙe da su. Wato abin da aka ɗauka matakai ne na tafiya ɗaya, ashe tafiye-tafiye ne daban-daban da aka jera su gefe da gefe. An kuma nuna cewa alda da ke ƙara wa ƙasa taki shi ne kuma ke hana irin sifurus tsira saboda inuwarsa da tarin ganyensa, ta yadda taimako da cutarwa ke fitowa daga itace guda.

Filayen Cooper da kansu sun ba da shaida. An daina ziyartar su na wani lokaci har aka manta ainihin inda suke, sai a 2016 Brian Buma da abokan aikinsa suka bi tsofaffin bayanansa suka gano takwas daga cikin taran, domin teku ya riga ya cinye ɗaya. Bayan shekara 100, ba dajin sifurus ɗin da littafi ya yi alkawari suka tarar ba. A yawancinsu itatuwan wilo da alda ne ke riƙe da wurin, kuma abin da ya sami gindin zama tun farko ya yi tasiri mai yawa a kan abin da ya biyo baya. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi kowane nauyi, kuma ya kamata masu koyarwa su daina gabatar da jerin Glacier Bay a matsayin doka. Tsohuwar muhawara ce tun zamanin Frederic Clements, wanda a 1916 ya ɗauki al'ummar tsirrai a matsayin abu mai girma zuwa wata sananniyar cika, da Henry Gleason, wanda a 1926 ya ce kowane nau'i yana zuwa ne bisa halinsa da damar da ya samu. Filayen gaban ƙanƙara sun fi goyon bayan Gleason a shekarun farko, ko da yake idan tsirrai suka cika wuri, gasar neman haske takan sa abin ya fi bin tsari.

Ya kamata kuma a tuna cewa gabar tekun Alaska wuri ne mai yawan ruwan sama da sanyi mai sauƙi, shi ya sa daji ke tasowa cikin ƙarni ɗaya ko biyu. A Svalbard, filin da ya shekara ɗari a buɗe yana iya kasancewa rabinsa tsakuwa ce, kuma ko ya cika ba itace zai yi ba, sai gajerun tsirrai da gansakuka. A Dutsen Kenya, masanin Japan Kazuharu Mizuno ya bibiyi kogin ƙanƙara na Tyndall shekaru da yawa, ya ga wani ɗan tsiro mai rawayar fure, Senecio keniophytum, yana bin ƙanƙarar sama da sauri kusan daidai da yadda take janyewa. Ko batun wane sinadari ne ke takura wa tsiro bai zama ɗaya a ko'ina ba. Gwajin zuba taki da aka yi a gaban Puca da kuma wani kogin ƙanƙara a tsakiyar Alaska, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa a waɗannan wurare masu sanyi da bushewa fosfaras ne ke hana tsirrai da ƙwayoyin halitta bunƙasa, ba naitirojin ba. Wani lokaci ma ƙanƙarar da kanta ke mayar da abin da ta ɗauka: a tsibirin Ellesmere na Kanada, gansakukar da ta yi kimanin shekara 400 a ƙarƙashin ƙanƙara ta sake toho bayan ta fito fili, kamar yadda Catherine La Farge da abokan aikinta suka bayyana a 2013.

Idan aka tsawaita kallo zuwa dubban shekaru, labarin yana juyawa. A gaban kogin ƙanƙara na Franz Josef da ke yammacin tsibirin kudu na Niyuzilan akwai jerin filaye da shekarunsu suka kama daga 'yan goma zuwa kimanin 120,000, a yankin da ruwan sama ke kai mita da yawa a shekara. Daga nazarin irin waɗannan filaye ne Walker da Syers suka bayyana a 1976 cewa naitirojin da fosfaras suna tafiya ne a saɓanin juna. Naitirojin yana farawa daga kusan babu, yana ƙaruwa saboda ana kamo shi daga iskar da ba ta ƙarewa. Fosfaras kuwa daga dutse yake fitowa, kuma abin da aka fara da shi kusan shi ke nan. Ruwa yana wanke wani, wani yana sake kullewa cikin sinadaran ƙarfe da ke ƙasar. Don haka daji yakan yi tsawo ya kai ƙololuwarsa, sannan a tsofaffin filayen itatuwa su gajarce, girmansu ya ragu, saboda ƙasar ta tsufa ta talauce. Ta wannan fuska, ƙanƙarar da ta kankare komai ta kuma bar sabon garin dutse mai cike da fosfaras, wanda zai ciyar da daji na tsawon dubban shekaru.

Wannan ilimi ya daina zama na ɗakin karatu kawai, saboda girman filin da ke tafe. Wani bincike da Jean-Baptiste Bosson ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2023, ya kiyasta cewa kafin shekarar 2100 kogunan ƙanƙarar da ke wajen manyan shimfiɗun ƙanƙara na Antatika da Girinlan za su bar sabon wuri mai faɗin murabba'in kilomita 149,000 zuwa 339,000, wato daga girman ƙasar Nepal zuwa na Finlan, gwargwadon yawan hayaƙin da duniya za ta ci gaba da fitarwa. Wani sashe zai zama tudu, wani tafki, wani kuma teku. Akwai masu ganin cewa tunda kore zai maye gurbin fari, asarar ba ta da yawa. Ban yarda da wannan ba. Kabon ɗin da sabuwar ƙasa za ta tara cikin ƙarni ɗaya ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da abin da ake fitarwa, kuma tsakuwa mai duhu tana shan zafin ranar da farar ƙanƙara ke mayarwa sama. Tsirrai da ƙwarin da suka ƙware a zaman bakin ƙanƙara suna samun sabon fili na ɗan lokaci, amma ciyayi da itatuwan ƙasa suna biye da su, kuma ranar da ƙanƙarar ta ƙare a ƙolin tsauni babu sauran inda za su hau. Kogunan da mutane ke dogaro da su lokacin rani su ma za su ragu bayan sun yi 'yan shekaru suna cika fiye da ƙima.

Tunda wanda ya fara zuwa yana da tasiri haka, abin da mutum ya kawo a tafin takalminsa ko a tayar motarsa ba ƙaramin abu ba ne. A tsibirin King George da ke gefen Antatika, wata ciyawar Turai mai suna Poa annua, wadda ta fara bayyana a kusa da wata tashar bincike, ta bazu har zuwa filin da ƙanƙara ta bari, kuma an shafe shekaru ana ƙoƙarin tumɓuke ta. Baƙin ɓawon da ya ɗauki shekaru yana haɗuwa, taku kaɗan ke farfasa shi. Binciken na 2023 ya nuna cewa ƙasa da rabin yankunan ƙanƙarar ne ke cikin wuraren da doka ta kare, alhali masu haƙar ma'adinai da masu gina madatsun ruwa da masu harkar yawon buɗe ido tuni suka sa ido a kan sababbin filayen. Lokacin da ya fi dacewa a shata musu iyakar kariya shi ne yanzu, tun ƙanƙara tana kansu kuma ba a kai ga rarraba izinin haƙa da gini a cikinsu ba.